Amlodipin da ƴan uwanta: ƙwayar hawan jini da ciwon ƙirji

Ƴan uwa mata, da wuya a zauna taron zubi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai a rasa wadda likita ya ce mata tansiyo ya hau, ko wadda ke jinyar uwa ko maigida mai wannan lalura. In kika duba ordonansin da aka rubuto musu, sau da yawa suna guda za ki gani: amlodipin. Wasu kuma nifedipin. Dangi ɗaya ne, kuma ana ba da su domin abu biyu, hawan jini da ciwon ƙirjin da ke zuwa daga zuciya.

Jijiyar jini ba kamar tiyon roba take ba. Bangonta akwai tsoka, tana matsewa tana saki. Abin da ke sa tsokar ta matse shi ne sinadarin kalsiyom, wanda ke shiga cikinta ta wasu ƴan ƙananan ƙofofi. Aikin waɗannan magunguna shi ne su tare wani sashe na ƙofofin. Tsokar sai ta saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce ba tare da zuciya ta yi ta turi da ƙarfi ba. Wasu mata da suka ji sunan kalsiyom sun tsorata, wai maganin zai cinye musu ƙashi, wasu har sun bar shan nono. Babu ruwansa da ƙashi. Ki sha furarki da nono.

A gidajen likitarmu lamba biyu ake faɗi, a ce miki "sha huɗu da tara", wato 140 bisa 90. In awo ya kai haka ko ya wuce a ranaku daban-daban, shi ne hawan jini. Mugun halinsa shi ne shiru. Mace na daka, tana zuwa kasuwa, ba ta jin komi, alhali yana cin ƙoda da ido da zuciya, har ran da za a wayi gari rabin jiki ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan dangin magani cikin waɗanda ake fara ba mai hawan jini. A 2019 kuma an fitar da sakamakon wani bincike mai suna CREOLE da aka yi a ƙasashen Afirka 6, har da Najeriya da Kamaru: haɗin magani biyu da ke da amlodipin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu ita.

Yawanci ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, in bai isa ba likita ya kai shi 10. Ba a wuce nan. Amlodipin a hankali take taruwa cikin jiki, sai an yi kamar kwana 7 ko 8 ana sha kafin ƙarfinta ya daidaita, saboda haka kada a sha kwana biyu a ce ba ta aiki. Ki zaɓi lokaci guda, misali bayan sallar asuba, ki riƙe shi; da abinci ko ba abinci duk ɗaya ne. In kin manta kika tuna cikin awa 12, ki sha. In an wuce haka ki bari sai ta gobe, kuma kada ki haɗa biyu domin ramuwa. Da azumi ana iya mayar da ita sahur ko buɗa-baki, amma a yi shawara da likita tun watan Sha'aban.

Babbar ɓarnar da ake yi ita ce barin magani in an ji sauƙi. Kwali ya ƙare, awo ya nuna sha biyu da takwas, sai a ce alhamdu lillahi an warke. Ai ƙwayar ce ke riƙe da lambar. An bar ta, cikin ƴan kwanaki jini ya koma inda ya fito, kuma ba zai yi sallama ba. A nan ne maganar ta shafi asusunmu, don yawancin masu yankewa rashin kuɗi ne ya yanke su, ba taurin kai ba. A ganina kuɗin maganin wata ya cancanci a ware shi kamar yadda ake ware kuɗin zubi, tun kafin a taɓa riba. A farmasi kuma ki nemi jenerik: sunan amlodipin da yawan miligiram su ne abin dubawa, ba kyan kwali ba. Na masu yawo da tire bisa kai, wanda ya wuni cikin ranar bazara ba a san inda ya fito ba, arharsa ba ta da amfani.

Ciwon ƙirjin zuciya likitoci na ce masa anjin, amma kada a rikita shi da anjin na maƙogwaro. Wannan nauyi ne ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an aza turmi, wani lokaci ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi. Yana tasowa in ana aikin ƙarfi, jan guga, ɗaukar kaya, hawan tudu, ko an yi fushi, in an huta ƴan mintoci ya lafa. Dalili shi ne jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta sun ƙuntata. A wajen mata yakan ɓad da kama, ya zo kamar haki ko gajiya ko zafin ciki, har a yi ta shan maganin olsa. Amlodipin na rage yawan tasowarsa in ana sha kullum, amma ba ta kashe ciwon da ya riga ya taso, don jinkirinta ya yi yawa. Na wannan lokacin daban ne, trinitrin, wanda ake sawa ƙarƙashin harshe in likita ya rubuta. Ciwon da ya zo ana zaune, ko ya wuce minti 15 bai lafa ba, ko ya haɗu da zufa mai sanyi da amai, ba na jiƙo ba ne kuma ba na jiran maigida ya dawo ba ne. A nemi abin hawa a tafi likita nan take.

Maganin yana da nasa laifi. A makonnin farko wasu kan ji ciwon kai, zafin fuska, bugun zuciya ko jiri in sun miƙe da sauri, kuma yawanci yakan wuce. Wanda ya fi damun mata shi ne kumburin idon sawu, musamman a kan miligiram 10, kuma ya fi yawa da marece bayan an wuni tsaye wajen suyar ƙosai ko awara. Ba ƙoda ce ta lalace ba, ba kuma sammu ba ne. Ƙananan jijiyoyi ne suka buɗe, ruwa ya taru a ƙasa. Ki ɗaga ƙafafu in kin zauna, ki gaya wa likita, yana iya ragewa ko ya haɗa da wani maganin da ke rage kumburin. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ko kumburin ya zo da haki in kin kwanta, wannan wata magana ce, a je a duba. Wasu kuma dasashinsu kan yi kauri, sai a dage da asawaki.

Nifedipin mai alamar LP a kwali an yi ta ne ta narke sannu a hankali, don haka a haɗiye ta sukutum, ba a dakawa ba a taunawa. Verapamil da diltiazem, su ma ƴan dangin ne, suna rage saurin bugun zuciya, shi ya sa ba a haɗa su da irin su atenolol sai da sanin likita. Mai juna biyu ko mai neman ciki ta faɗi tun farko, don akwai waɗanda aka fi zaɓa mata, irin su nifedipin da metildopa. Mai shan maganin tarin fuka ma ta faɗi, saboda rifampisin na rage ƙarfin waɗannan ƙwayoyi.

Akwai abubuwan da ke warware aikin maganin a ɓoye. Diklofenak da ibuprofen da muke sha don ciwon baya da gwiwa suna tada jini in an dawwama a kansu, haka ƙwayoyin sa ƙiba irin deksametazon da ake ba ƴan mata kafin biki. Sai gishiri: ƙasa da giram 5 a wuni ake so ga babba, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen maji da kanwar da muke zubawa cikin miya da wake suna cikin lissafin.