Tumakin Idaho Da Asirin Ginin Ƙwaƙwalwa

A cikin shekarun 1950, makiyayan jihar Idaho ta ƙasar Amurka sun shiga halin damuwa ƙwarai, domin tumakinsu sun riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya tak a tsakiyar goshi. Da aka bincika kawunan 'yan tumakin, sai aka tarar ƙwaƙwalwarsu ba ta rabu gida biyu, dama da hagu, kamar yadda aka saba ba. Masana na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka sun shafe shekaru suna bin sawun al'amarin, har suka gano cewa abin yana aukuwa ne idan tunkiya ta ci wani tsiron tsauni mai suna Veratrum a wajen rana ta 14 da ɗaukar ciki. A shekarar 1968, Richard Keeler ya ware sinadarin da ke wannan ɓarna, aka laƙaba masa suna saikulofamin. Sai dai yadda cin tsiro a rana guda, cikin wata biyar na goyon ciki, zai rushe tsarin kai baki ɗaya, ya ci gaba da ɗaure wa masana kai har shekara talatin.

Amsar ta ɓullo ne daga binciken ƙuda. A shekarar 1980, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus, suna aiki a ƙasar Jamus, suka bayyana jerin ƙwayoyin gado da ke tsara jikin ƙudan 'ya'yan itace. Ɗaya daga ciki suka sa mata sunan bushiya, saboda tsutsar da ta rasa ta takan fito da ƙayoyi a jiki. Wannan aiki ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 1995. A 1993 kuma aka gano irinta a dabbobi masu ƙashin baya, aka kira ta Sonic hedgehog.

Aikin wannan ƙwayar gado shi ne aika saƙo. A farkon ciki, ƙwaƙwalwa da lakar baya wani ɗan bututu ne kawai, wanda a jikin ɗan Adam yakan gama rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki. Jikin bututun cike yake da iyayen ƙwayoyin jijiya, wato ƙwayoyin halitta waɗanda ba su riga sun kama wata sana'a ba, amma daga gare su ne ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 na ƙwaƙwalwar babban mutum ke samo asali. Daga ƙarƙashin bututun ake fitar da furotin ɗin Sonic hedgehog, ya bazu zuwa sama yana raguwa, kamar muryar mai shela, wadda na kusa ke ji da ƙarfi, na nesa kuwa sama-sama. Kowace ƙwaya takan gane matsayinta daga ƙarfin saƙon da ya iso gare ta, ta kuma zaɓi abin da za ta zama. Ta haka ne ake samun, alal misali, ƙwayoyin da ke motsa gaɓoɓi. A sashen kai, wannan saƙo ne ke shata layin tsakiya, ya raba ƙwaƙwalwa biyu, ya raba idanu biyu.

Akwai kuma wani saƙon mai suna Notch, wanda ke tsakanin maƙwabta. Idan ƙwaya ɗaya ta fara zama jijiya, sai ta taɓa ta kusa da ita ta umarce ta da ta dakata, ta ci gaba da zama uwa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa idan aka katse wannan saƙo, iyayen ƙwayoyin sukan rikiɗe da wuri, su ƙare tun gini bai kammala ba, tamkar manomin da ya cinye irin shukarsa kafin damina.

A shekarar 1996, ƙungiyar Philip Beachy a Jami'ar Johns Hopkins ta nuna cewa ɓerayen da aka cire wa Sonic hedgehog sukan fito da ido ɗaya. A wannan shekarar aka sami tawayar wannan ƙwayar gado a wasu iyalai da ke haifar jarirai masu ƙwaƙwalwar da ba ta rabu ba. A 1998 aka tabbatar da cewa saikulofamin toshe hanyar wannan saƙo yake yi.

Yawan saƙon ma illa ne. Idan ya ƙi tsayawa bayan aikinsa ya ƙare, ƙwayoyi sukan yi ta hayayyafa ba kan gado, kuma wannan ne sanadin kusan kashi ɗaya cikin uku na wata sankarar da ke kama ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, musamman ga yara. A 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin vismodegib, mai toshe wannan hanya, don wata sankarar fata. An haramta shi ga mata masu ciki, saboda abin da ya sami tumakin Idaho.

Abin lura a nan shi ne, ana aza harsashin ƙwaƙwalwa ne a makonnin farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Shi ya sa likitoci ke jan kunnen macen da ke sa ran ɗaukar ciki da ta guji shan magani ko jiƙo ba tare da shawararsu ba.