Kilamidiya: Ɓarawon da Ke Ɓuya a Ƙuryar Ɗaki

Cikin cututtukan da jama'a ke haɗawa su kira ciwon sanyi, akwai kilamidiya, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an samu sabbin kamuwa da ita kusan miliyan 128. Mafi yawan mata ba sa jin komai, wasu kuma sai bayan shekaru a tarar ta toshe musu hanyar ƙwai, haihuwa ta gagara. 'Yar'uwarta ce ke kawo amosanin ido, wanda ya makantar da dattawa da yawa a ƙasar Hausa.

Har yau babu allurar rigakafinta da aka amince da ita. Dalili kuwa, ƙwayar maƙetaciya ce: ba ta yawo a fili, cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum take kutsawa ta hayayyafa. Sinadaran kariya da ke zagaye cikin jini suna iya tare ta a ƙofa, amma in ta shige ƙurya, sun zama 'yan kallo.

A nan ne aikin wasu sojojin jiki da ake kira CD4 yake. Su ne ke shinshino ƙwayar halittar da ɓarawo ya shiga, su saki wani sinadari, intaferon gama, wanda ke sa a ƙarar da abincin da cutar ke rayuwa a kai. Ba faɗa da takobi ba ne, horon yunwa ne. Sai dai fa dole sojan ya kasance a wurin. A 2015 masana a jami'ar Harvard suka nuna a jikin ɓeraye cewa rigakafin da aka ba su ta hanci ya sa waɗannan sojoji tarewa a cikin mahaifa suna gadi, kariyar kuma ta fi ta allurar fata ƙarfi.

A mutane tafiyar da saura. Gwajin farko na wata allura da aka haɗa a Denmark, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2019, mata 35 kacal ya ƙunsa. Ya nuna ba ta cutarwa kuma tana tayar da garkuwar jiki, bai kai ga tabbatar da kariya ba.

Kafin allurar ta iso, cutar tana jin magani. A je asibiti a yi gwaji, miji da mata tare, kada a tsaya kan jiƙe-jiƙe.