Gidan Biltmore da Dajin da Ya Haifar

Hanyar Blue Ridge Parkway da ke gabashin Amurka ba ta mai sauri ba ce. Tsawonta mil 469, tana bin doron duwatsu daga jihar Virginia zuwa Karolina ta Arewa, kuma a yawancin wurare ba a yarda direba ya wuce mil 45 a awa ba. Idan zafi ya shigo, iyalai kan loda tanti da barguna da risho a bayan mota, su yi ta tafiya, inda dare ya yi musu su yada zango. Kusa da birnin Asheville, da yawa daga cikinsu kan kwana a dajin Pisgah, gari na wayewa su kakkaɓe raɓa daga tanti, su gangara kallon gidan Biltmore.

Gidan ya isa a kalla. George Vanderbilt, jikan attajirin jiragen ƙasa da na ruwa Cornelius Vanderbilt, shi ya sa aka gina shi daga 1889 zuwa 1895, bisa fasalin fadojin Faransa. Ɗaki 250 gare shi, da banɗaki 43, da murhun jin ɗumi 65, kuma har yau babu gidan wani mutum a Amurka da ya kai shi girma. Wanda ya kwana yana hura wutar icce guda ɗaya, idan ya shiga zauren cin abinci ya ɗaga kai ya ga rufin can sama kusan ƙafa 70, dole ya yi tsaye cak. Tun 1930 iyalin suka buɗe ƙofa ga masu ziyara, kuma kuɗin shiga ba kaɗan ba ne.

Amma a ganina babban abin da Biltmore ya bari ba a cikin ginin yake ba. Lokacin da Vanderbilt ya fara sayen filayen nan, har suka kai kimanin eka 125,000, ƙasar ta gaji. An sare manyan itatuwa masu kyau an bar karkatattu, an yi ta cinna wa daji wuta, dabbobi sun cinye tsiro, ruwan sama kuma ya wanke gangaren da aka nome har kwazazzabai suka buɗe. Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara lambun Central Park na New York, ya ba shi shawara: a yi lambu kusa da gida, a noma fadamar bakin kogi, sauran duka a mayar da shi daji.

A 1892 aka ɗauko wani matashi, Gifford Pinchot, wanda ya koyo ilimin gandun daji a Faransa. Dabararsa ita ce kada a yi wa daji aski gaba ɗaya. Kafin gatari ya taɓa itace sai an duba an sa masa alama; a cire wanda ya ƙosa ko ya nakasa, a bar masu zubar da iri, hasken rana ya sami hanyar isa ga ƙananan da ke tasowa. Wanda ya gaje shi, Bajamushe Carl Schenck, ya ci gaba da dashe a gonakin da suka zaizaye, domin saiwa ta riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki. A 1898 ya buɗe makarantar koyon aikin gandun daji, ta farko a Amurka. Shi kuwa Pinchot, a 1905 ya zama shugaban farko na hukumar kula da dazuzzukan ƙasar.

Vanderbilt ya rasu a 1914. Matarsa Edith ta sayar wa gwamnati kusan eka 87,000 a kan kimanin dala biyar kowace eka, kuma wannan fili ne ya zama tushen dajin Pisgah a 1916. Wato matafiyin da ya kafa tanti a wannan sashe na dajin, a tsohon gandun Biltmore ya kwana tun kafin ya sayi tikiti.

Abin takaici, jama'a kan yi dafifi a gidan, su manta da wurin da makarantar Schenck ta zauna a cikin dajin, wanda yanzu ake kira Cradle of Forestry. Can akwai ɗakunan katako da ɗalibai suka yi amfani da su, da tsohon kan jirgin ƙasa mai jigilar gungume. Sai dai mai niyyar zuwa ya fara binciken wane sashe na hanyar Blue Ridge Parkway ke buɗe, domin guguwar Helene ta Satumban 2024 ta zaftare duwatsu ta kuma kayar da itatuwa masu ɗimbin yawa a yankin.