Abin da murhu ke faɗa bayan an kashe wuta

Uwargida ta dawo daga unguwa ta leƙa madafa. Ba ta buƙatar tambayar kishiya yaushe aka hura wuta. In ice ya yi yawa garwashi kaɗan, yanzu aka kunna. In toka ta cika murhu, an daɗe ana girki.

Haka masu binciken gawa ke karanta jinin wanda ake zargin ƙwaya ta kashe. A Madawa, Buza da Keita ƙwayar da aka fi sani ita ce taramadol, wadda matasa ke kira tramol, ta 'yan kabu-kabu da masu kwana ban ruwan albasa a kwarin Tarka. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma ta bayan fage ƙwaya guda kan kai 225, kuma wani sai ya haɗa uku ya kora da shayi.

Ƙwayar ita ce icen. Hanta ke ƙona ta, ta fitar da wani sinadari da masana ke kira M1, wanda shi ne garwashin, don ya fi uwar tasa ƙarfi nesa ba kusa ba wajen danne numfashi. Saboda haka ake auna su duka biyu. Taramadol da yawa, M1 kaɗan, alama ce ta an afa da yawa lokaci guda, rai ya fita kafin hanta ta yi nisa da aiki. Sai dai akwai mutanen da aka haifa hantarsu ba ta iya wannan ƙuna sosai, icensu ɗanye ne, kuma mai gaggawa zai karanta su ba daidai ba.

Wurin ɗiba ma magana ce. Bayan mutuwa ƙwaya na tsiyayowa daga hanta da huhu zuwa jinin zuciya, lissafi ya kumbura. Shi ya sa ake ɗibar jini daga jijiyar cinya, a haɗa da fitsari da ruwan cikin ido.

Adadi shi kaɗai ba ya yanke hukunci: abin da zai kwantar da sabon shiga, tsohon hannu da shi yake zuwa gona. Ga kuma al'adarmu ta gaggauta jana'iza, wadda ba na jayayya da ita. Amma in dangi na zargi, a ɗebi jinin kafin wanka, a sa a sanyi, domin zafin yankinmu ba ya jiran takardar alƙali.