Furotin Mai Tsare Jiki Daga Sankara

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu rabuwa. Sankara, wato ciwon daji, takan taso sa'ad da lalatacciyar ƙwaya ta dinga hayayyafa babu mai tsai da ita.

A cikin ƙwaya akwai wani furotin mai suna p53. Aikinsa shi ne ya dakatar da ita har a gyara ɓarnar, in gyara ya gagara ya sa ta mutu. Masana a Ingila da Amurka suka gano shi a 1979, da taimakon sinadaran garkuwar jini, waɗanda kowane abu ɗaya tak yake kamawa. Da fari an zaci shi ke haddasa cutar, domin an same shi jibge a cikin ƙari. Sai a 1989 ta bayyana cewa gurɓataccensa ne ke taruwa haka, lafiyayyen kuwa kariya ne. Kusan rabin masu sankara nasu ya lalace.

Gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara masu danshi tana gurɓata shi a hanta. Saboda haka ake roƙon manoma su shanya amfanin gona sosai kafin su zuba a rumbu.