Nazarin harshe a Damargu: aikin da ke jiran ƴan makaranta

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi arewa bisa hanyar Agadas, bayan tafiyar kusan kilomita 150 zai iso Tanut, babban garin ƙasar Damargu. Kowa ya san sunan garin, amma ba kowa ne ya taɓa tambayar ma'anarsa ba. A harshen Buzaye, wato Tamajak, rijiya sunanta "anu". In suna son mayar da suna na mace, ko su nuna ƙanƙantar abu, sai su sa masa harafin t a gaba, su sa wani a baya, kamar yadda suke kiran raƙumi "alam", taguwa kuwa "talamt". To, haka "anu" ta zama "tanut", wato ƴar rijiya. Ke nan yaron da ke rubuta sunan garinsu a saman kaye kowace safiya yana rubuta darasin nahawu guda bai sani ba.

Dalilin tayar da wannan magana shi ne, rubutu a kan harshen Hausa ya daɗe da fita daga hannun masana kaɗai. An fara yaƙi da jahilci na manya a Nijar a 1963. A 1966 aka yi taron Bamako, inda aka tsara haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka soma karatu da Hausa kafin Faransanci. A 1980 masana na Nijar da Najeriya suka zauna a Yamai domin daidaita rubutu, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta sake fitar da ƙa'idojinsa. Sannan a watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da ya kai nan yana bukatar malamai da masu fassara da marubutan takardun hukuma, kuma duk waɗannan daga ɗalibin da aka ce ya rubuta shafi biyu a kan ma'anar wata kalma suke farawa.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke ɓata irin wannan rubutu. Da an ba ɗalibi aiki, sai ya nemi littafi ya kwafe bayanin suna da aikatau da sifa, ya kwafe misalan da ke ciki, ya miƙa. Littattafan ba su da laifi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, da nahawun Galadanci na 1976, da ƙaramin ƙamus na Abdu Mijinguini, dukansu abin dogara ne. Amma mai kwafe bai ƙara wa kowa sani ba, alhali kuwa ɗan Damargu yana zaune ne a kan abin da littattafan ba su gama tattarawa ba.

Ƙasar Damargu mahaɗa ce tun zamanin ayari. Fataken da ke tsakanin Kano da Tarabulus ta nan suke ratsawa, suna yada zango a wurare irin su Jajiduna, hatsin Damargu kuma shi ke ciyar da mutanen Abzin. Dagra masu asali da Barebari, da Hausawa, da Buzaye, da Filani, rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci, kuma sawun wannan cuɗanya yana nan cikin Hausar kowa. Raƙumi, da takobi, da ayari, da cuku, da takarda, masana sun nuna daga bakin Buzaye suka shigo. Kasuwa, da sarautu irin su galadima da ciroma da yarima, ta Barno suka biyo. Har karatu da rubutu su kansu, a 1960 Greenberg ya nuna ta hannun Barebari Hausa ta karɓe su. Ɗalibin Kano zai ga wannan a littafi ne kawai. Na Tanut ko na Balbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, zai iya zuwa kasuwa ya ji yadda mai raƙumin yake faɗin kalmar da bakinsa, ya rubuta ta gefe da gefe da ta Hausa. Abin kiyayewa ɗaya ne: kamannin kalmomi biyu ba ya nufin ɗaya ta haifi ɗaya. In tsoho ya ba da labarin asalin wani suna, a rubuta cewa haka ya faɗa, kada a mayar da shi hukunci.

Ga wani misali da ya fi kusa da zuciyar manomi. A rubuce, "fari" kalma ɗaya ce. A baki kuwa uku ne: akwai farin launi, akwai farin abu, wato somawarsa, akwai kuma fari na rashin ruwa, irin wanda ya karkashe dabbobin Damargu a 1973 da 1984. Haka "fara": akwai farar saniya, akwai fara aiki, akwai farar da ta cinye gonaki a 2004. Tsawon wasali da hawa da saukar murya su ke raba su. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci a shekarun farko za su tuna lokacin da ake ninka wasali, ana rubuta "faaraa". Daga baya aka bar wannan domin sauƙi, aka bar wa jimla nauyin fayyace ma'ana. Wannan ba gardamar masana ba ce kurum. Mai gari ne zai aika wa hukuma wasiƙa a kan halin gonaki, in jimlarsa ba ta fito sarai ba, mai karantawa zai tsaya yana canke. Haka ma lanƙwasar harafi: wanda ya manta da ita ya mayar da ƙafa kafa, ya mayar da baƙi baki.

Aikatau ma a kasuwa ya fi daɗin koyo. Wani ya sayi hatsi, wani ya sayo shi daga Gangara, wani ya sayar da akuya domin ya samu na tiya biyu, ɗan kasuwa kuma ya saye hatsin duka ya ɓoye, har ya zamana ba ya sayuwa ga talaka. Tushen kalmar bai sauya ba, ƙarshenta ne ke juyawa, ma'ana tana binsa. Parsons ya kasa wannan juyi gida bakwai a 1960, amma duk matar da ke awo ta iya shi tun ba ta ji sunan Parsons ba. Ko kalmar "hatsi" ta isa shafi guda, domin a nan gero ake nufi da ita, a Kano kuwa ta haɗa gero da dawa da sauransu. Can suna cewa biro, nan ana cewa bik. Lakwal da mushe kuma baƙi ne a kunnen Bakano.

Ta wajen adabi, ba a hana ɗalibi nazarin Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ba, ko waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram. Amma tatsuniyar Gizo da kakarsa ke yi, da waƙar daka, da kirarin noma, su ma suna da jigo da salo da tsari, kuma in bai rubuta su ba, da wuya wani ya zo daga nesa ya rubuta.

Abin da aikin ke bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Masu duba makarantu za su iya roƙon malamai su riƙa ajiye rubuce-rubucen da suka fi kyau, maimakon a bar su iska ta kwashe bayan an sa maki. Manyan da suka iya karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci su ne suka fi dacewa su zauna da yaran, tun da sun san harafi, sun kuma san sunan kowane abu na gona da na garke. In hutun damina ya zo, yaro ya koma ƙauye da kaye da bik, ya tsaya bakin rijiya ya tambayi sunan wasaki da igiyarsa da komin da dabbobi ke sha, ya tambayi yadda Bafilace da Buzu ke kiran kowanne, sannan a ƙasan shafin ya sa sunan ƙauyen, da ranar da ya ji, da shekarun wanda ya faɗa masa.