Daga Sabon Wuse zuwa Sakatariya: abin da 'yan mintunan natsuwa ke yi wa jikin ma'aikaci

Sabon Wuse gari ne da Abuja ta haifa. Bayan dokar soja ta 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya, an tayar da mutanen tsohon garin Wuse, aka ba su matsuguni a gefen hanyar Kaduna, cikin Jihar Neja. A yau garin shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa, kuma tsadar haya a birni ta kawo masa sababbin mazauna: ma'aikatan gwamnatin tarayya, direbobin manya, masinjoji da hadiman 'yan siyasa, masu kwana a Neja su wuni a Abuja.

Ana sallame sallar asuba suke fitowa bakin titi. Za su wuce Gauraka, su bi ta gindin Dutsen Zuma a Madalla, su kutsa cunkoson Zuba, sannan Dei-Dei da Kubwa, kowa na fatan ƙarfe takwas ta same shi a ofis. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa kafin na cefane. Sai ka ga mutum jikinsa na cikin mota, hankalinsa na kan teburin darakta. In ya isa ofis, hankalin ya koma gida wajen kuɗin makarantar yara. Da dare kuma, ya kwanta da fayil ɗin da bai kammala ba a cikin kansa.

Wannan yawon hankali ba na mutanen Sabon Wuse kaɗai ba ne. A 2010, masana biyu daga Jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutane 2,250 ta wayar salula. Sun gano cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin da aka tambaye su, tunaninsu yana wani wuri dabam da abin da suke yi, kuma a irin waɗannan lokuta farin cikinsu ya fi raguwa.

Yadda damuwa ke cin jiki

Jikin ɗan Adam bai cika bambance haɗarin da ke gabansa da wanda yake zullumi ba. Ko kura ce ta ɓullo, ko takardar tuhuma ce ake jira daga ofishin mulki, martanin kusan ɗaya ne: sinadaran adirenalin da kotizol su kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini su tsuke, numfashi ya gajarta. An gina jiki ya yi haka na ɗan lokaci, sannan ya huce. Idan aka bar shi a ɗaure wata da watanni, sai barci ya lalace, fushi ya matso kusa, kuma a ƙara wa mai hawan jini nauyi a kan nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum ɗaya cikin manya uku a duniya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ciwo ne da ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ne ke fara sanar da shi.

Abin da bincike ya tabbatar

Horon tattara hankali abu ne mai sauƙin faɗi. Mutum ya zauna, ya sa lura ga abu guda, galibi shigar numfashi da fitarsa. Tunani zai kwashe shi, babu makawa. Da ya farga, sai ya dawo da hankalin ba tare da zargin kansa ba. Wannan dawowar, sau goma ko sau ɗari, ita ce aikin.

Salon da asibitoci ke amfani da shi a yau ya samo tushe daga al'adun zuzzurfan tunani na mabiya addinin Buda, amma a 1979 Jon Kabat-Zinn ya raba shi da ibada, ya mai da shi darasin mako takwas ga marasa lafiya a Makarantar Likitanci ta Jami'ar Massachusetts. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka haɗa shi da dabarun likitocin ƙwaƙwalwa domin masu ciwon tsananin damuwa da ke yawan dawowa. A 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da shi ga waɗanda ciwon ya kama sau uku ko fiye.

A 2014, masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutane 3,515. Sun sami shaida matsakaiciya cewa horon na rage fargaba da tsananin damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 kuma, wani gwaji da Jami'ar Georgetown ta jagoranta a kan manya 276 masu ciwon fargaba ya nuna cewa darasin mako takwas ya yi kunnen doki da maganin escitalopram. Game da zuciya, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta yi taka-tsantsan a bayaninta na 2017: ana iya ƙara shi a kan magani da gyaran abinci da motsa jiki, amma ba a maye gurbinsu da shi.

Ba baƙo ba ne a gida

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ji wannan bayani kamar ya taɓa jin sa a zaure. Malaman fiƙihu na lissafa natsuwa cikin farillan sallah, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u Ulumiddin kan halartar zuciya da sa ido a kan kai. Ɗan Tijjaniyya na zama safe da yamma domin lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wasu na riƙe da azkar na safe da maraice. Kiristoci na da shirun addu'ar asuba, 'yan Katolika kuma na jan carbinsu. Hausawa ma sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Likitoci sun leƙa wannan fage. Herbert Benson, likitan zuciya a Harvard, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa maimaita kalma ko addu'a cikin natsuwa na sassauta bugun zuciya da numfashi. A 2001, Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia ta Italiya ya auna mutane 23, ya ga karatun carbi na saukar da numfashi zuwa kusan shida a minti, abin da ke ƙarfafa tsarin da jiki ke daidaita bugun jini da shi.

Mai ibada ba don awon jini yake yi ba, kuma ba daidai ba ne a mai da zikiri ƙwayar magani. Darasin da ke ciki shi ne gaggawa ce ke zubar da ribar. Wanda ya ja carbi yatsunsa na gudu, idonsa na kan waya, ya cika adadi amma jikinsa bai huta ba.

Ta ina za a fara?

Darasin Kabat-Zinn na neman kimanin minti 45 kowace rana, kuma a kan irin wannan naci aka samu mafi yawan sakamakon da aka ambata. Ma'aikacin da ke fita da duhu ya dawo da duhu ba lallai ya sami hakan ba, amma sannu ba ta hana zuwa. Minti goma bayan asuba, kafin a kunna waya, mafari ne mai kyau. Fasinja na iya ajiye wayarsa daga Madalla zuwa Zuba, ya bi numfashinsa, yana sa fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Direba kuwa ba ya rufe ido, nasa horon shi ne ya tsayar da hankalinsa a kan titi. Hadimin da maigidansa ya yi wa tsawa a gaban jama'a na iya jan numfashi uku a hankali kafin ya ce uffan, ko kafin ya sauke fushin a kan na ƙasa da shi.

Akwai iyaka, kuma wajibi ne a san ta. Natsuwa ba ta gyara hanyar Kaduna, ba ta sa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya kai ƙarshen wata, kuma bai kamata shugabannin ma'aikatu su fake da ita su ƙi duba nauyin da suke ɗora wa na ƙasa ba. Wasu mutane, musamman waɗanda suka taɓa faɗawa hannun masu garkuwa ko suka tsira daga mummunan haɗari, zaman shiru na iya tayar musu da abin da ya wuce. Irin waɗannan likita suke buƙata. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa neman wannan kulawa haƙƙi ne. Asibitin Ƙasa da ke Abuja, Asibitin Koyarwa na Gwagwalada da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna duk suna ganin masu irin wannan larura.

Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya ji sanyi a ransa. Wanda kuma bai taɓa aunawa ba, ya tsaya a asibitin gwamnati na Sabon Wuse ko na Suleja, ko a kantin magani mai na'urar awo. Idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, ganin likita ne farko, zaman natsuwa ya biyo baya.